Jiran Veturia

A bakin kakata Anghelina na fara jin sunan Veturia, a ƙofar cocin ƙauyenmu, wajen akwatunan kyandir. Guda biyu ne, na rayayyu a dama, na matattu a hagu. Duk Lahadi Kaka takan kafa nata da sauri, ta san na kowa da wurinsa, sai guda ɗaya ya rage mata a hannu. Nan za ta tsaya tsakanin akwatunan har kaki ya ɗiga mata a yatsa, sannan ta ce a hankali, "Wannan na Veturia ne." Wani makon ta sa shi dama, wani makon hagu. Na taso ina zaton Veturia wata ce da ta mutu ba ta gama mutuwa ba.

Sai da na shiga sakandare na san tana nan da ranta a birnin Iași, kuma 'yar ƙanen Kaka ce, tsoho Zamfir, wanda gidansa ke kallon namu. Labarin nan wani daga bakinta na ji shi, wani daga Kaka, ragowar kuma daga wani abokin aikinta da bakinsa ba ya rufuwa.

Veturia tana budurwa uwarta Saveta ta kwanta ciwon ajali. Lokacin girbin masara ne, maza duk suna gona. Aka zaunar da ita bakin gado da kyandir da ashana a cinya, don ko yaro a wurinmu ya san ba a barin mutum ya cika hannunsa babu wuta. Wanda ya tafi haka, in ji tsofaffi, lalube zai yi ta yi a can, bai ga hanya ba. Da la'asar saniya ta shiga kuka a bayan gida, nono ya cika mata. Anghelina ta leƙo ɗakin.

"Tashi ki je ki tatse ta, kukan nan ya ishi mara lafiya."

"Goggo, numfashin Inna fa ya sake."

"Ke kin fi limamin coci sani ne? Ya ce za ta kai Lahadi. Kafin ki cika bokiti ba abin da zai faru. Ni ma tuwon masara zan tuƙa in dawo."

Veturia ta ajiye kyandir a kujera ta fita. Bokitin bai cika ba saniyar ta daina tuƙa, ta juya kai ta zuba wa gidan ido. Veturia ta kwasa da gudu. Ɗakin cike yake da hasken rana, har ƙurar da ke yawo a iska ana gani, amma hannun uwarta na kan bargo a buɗe, yatsun sun ɗan lanƙwashe kamar na mai neman bango a duhu.

Ba ta taɓa ɗora wa Goggonta laifi da baki ba. Gaisuwa ce kawai ta rage tsakaninsu, ita ma a tsaye. Da damina ta zagayo ta tafi karatu birni, zuwanta gida ya koma sai da dalili, kuma in ta zo, gidan ubanta kaɗai take shiga.

A Iași ta zama mai gwajin manhaja. Aikinta shi ne rubuta 'yan ƙananan manhajoji da ke gwada babbar a madadin mutum: su danna nan, su cika can, su duba ko abin da ya kamata ya fito ya fito. In ya fito, layi ya yi kore a allon kwamfuta. In bai fito ba, ja. Wahalar sana'ar duk a jira take, domin ƙaramar manhajar, mai gwajin, ta fi abin da take gwadawa sauri. In ba a tsayar da ita ba, sai ta leƙa kafin amsa ta iso, ta yi ihun abu ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Hanya mai sauƙi ita ce a ce mata ta yi barcin sakan biyar sannan ta duba. Kowa na yin haka in ya gaji. Veturia ba ta taɓa yi ba. Ita sai dai ta sa mai gwajin ta zuba ido a kan alamar kanta, tana dubawa tana sake dubawa, har alamar ta bayyana. Duk inda ta tarar da barcin wani a cikin gwaji sai ta tumɓuke shi, kamar mai cire ciyawa a gonar albasa.

Ta yi aiki a wurare da dama kafin ta zauna a wani ƙaramin kamfani mai yin shimfiɗar gadon tsofaffi. Siririya ce, ana sa ta ƙarƙashin zanin gado, tana jin numfashin mai kwanciya. In numfashin ya ɗauke, ko ya koma irin na mai shirin tafiya, sai ta aika saƙo ta kuma buga wayar dangi. Ƙauyukanmu cike suke da tsofaffin da 'ya'yansu ke aikatau a Italiya, saboda haka kasuwa ta buɗe.

Ɗakin gwajin yana ƙasan bene, tagarsa na kallon titin da taragon lantarki ke bi. Gadon ƙarfe ne guda ɗaya a ciki, da shimfiɗar, da wata jakar roba mai girman ƙirjin mutum wadda famfo ke hura wa iska. Suna kiran jakar Tsoho. Wani ya rufa mata bargo, wani ya ɗora hular gashi a kan matashi. Ana iya sa Tsoho ya yi numfashin mai barci, ko na mai asma, ko na mai minshari. Akwai kuma na ƙarshe, mai dogon shiru a tsakani, wanda in an kunna shi mai share ofis ba ta yarda ta shiga ɗakin. Veturia ce ta tsara shi, kuma ba wanda ya tambaye ta inda ta koya.

Abokin faɗanta a wurin Dorel ne, mai rubuta manhajar shimfiɗar, mutum mai sanƙo da 'ya'ya uku da dariya a kusa. Wani gwaji ya addabe su: a tsayar da famfo, a jira saƙo ya iso waya. Yau kore, gobe ja, ba abin da aka taɓa. Dorel ya gaji ya sa masa barcin sakan biyar, gwajin ya yi ta ba da kore mako guda.

"Ga shi nan, uwar masu jira," in ji shi, yana tauna burodi da cuku a kan allonta. "Kore shar kamar gonar kabeji. Ki yi min godiya."

"Kau da ɓarɓashinka daga teburina. Ka duba saƙon da yake gani?"

"Saƙo dai saƙo ne."

"Na jiya ne, Dorel. Ba a goge shi ba. Ya farka daga barcin da ka sa shi, ya ga saƙon wanda ya mutu jiya, ya ce an kira dangin na yau. Ko ka cire wayar daga bango kore zai ba ka."

Dorel ya daina tauna. Ya duba, ya ga haka ne, ya shafa sanƙonsa. "To, na ci ƙasa. Gyara shi yadda kika ga dama." Amma da ta gyara ya leƙa, sai ya buga tebur. "Yaya Veturia, ina iyakar? Kin ce ya jira sabon saƙo, ba ki ce har yaushe ba."

"Har ya zo."

"In bai zo ba fa? Ai sai ya zauna jiran gawon shanu har tashin duniya, ba ja ba kore. Sa masa minti ɗaya, ko goma, ko yini in kina so, amma ki sa. In lokacin ya cika ya yi ja, mu san akwai matsala. Ke kika koya min wannan fa."

Gaskiyarsa ce, kuma ta san gaskiyarsa ce. A duk sauran gwaje-gwajenta akwai iyaka. Amma a wannan, duk lambar da ta ɗora yatsa za ta rubuta sai ta ji ƙarar nono a gindin bokiti. Ta bar wurin babu komai. Ta tsayar da famfo, jakar ta lafa a ƙarƙashin bargo, ta kunna gwajin. 'Yar da'irar nan ta jira ta fara juyawa a allo.

Saƙo bai zo ba. Ta zare igiyar famfon daga bango gaba ɗaya. Layin numfashi a allo bai kwanta ba, yana ɗagawa kaɗan yana sauka, a hankali, kamar na mai barci mai nauyi. Ta ɗaga bargon ta duba. Roba ce kawai a shanye, mai sanyi.

"Tarago ne," in ji Dorel daga bakin ƙofa, bai shigo ba. "Yana girgiza ƙasa, shimfiɗar na ɗauka numfashi ne. Bari in kashe shi."

Kafin ta amsa wayarta ta yi ƙara. Muryar Anghelina ce, wadda rabon da ta kira ta har an manta. Zamfir ya faɗi a gindin itacen da ke bayan gida, likita ya zo ya duba, ya ce a bar shi a gadonsa. Veturia ta ɗauki jaka da sabuwar shimfiɗa guda ɗaya daga kabad. A ƙofa ta juyo.

"Kada ka kashe shi."

"Haba Yaya, kwamfutar fa?"

"Tsohuwa ce, ba mai amfani da ita. Ka bar shi ya jira."

A ƙauye ta sa shimfiɗar ƙarƙashin ubanta, ta shigar da lambarta. Na'urar ba ta karɓa sai da lamba ta biyu, kuma duk layin ba mai waya a kusa sai Anghelina, dole ta sa tata. Amma ba ta yarda da shimfiɗar ba. Ta ga wadda ta ce gado babu kowa yana numfashi, me zai hana wannan ta ce gawa na yi? Sai ta ja kujera bakin gado, kyandir da ashana a cinya, ta zuba wa ƙirjin ubanta ido.

Kwanaki suka tafi, makonni suka bi su. Ganyen inabin tsakar gida ya yi ja ya zube. Ba ta zuwa shago, ba ta zuwa coci, wanka ma sai ƙofa a buɗe tana jiyo shi. Mu muke kai mata miya mai tsami da tuwo, ta ci a tsaye ido na kan gado. Barci kuwa sai dai ta sace shi guntu-guntu, hannunta a kan ƙirjinsa. Ta rame har idanunta suka faɗa, in ta juyo ta kalle ka sai ka ji kamar kai ma numfashinka take ƙirgawa.

Zamfir bai rasa bakinsa ba. "Ke 'yar nan, kin tsare ni kamar mage a bakin rami. Ko mutuwar ce ta leƙo ta gan ki ai sai ta koma."

"To ta koma mana, Baba."

"Ni kuma in yi ta kwanciya ina cin miya ba gishiri? Je ki kwanta. Goggonki ta zauna."

Anghelina kullum da hantsi takan tsallako titi da sandarta, ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin. "Veturia, ba ni kujerar nan ki ɗan runtsa. Ba inda zan je. Ko gidan ne ke cin wuta ba zan tashi ba."

"Na gode, Goggo. Ban gaji ba."

Tsohuwar takan ɗan jima a tsaye, sannan ta juya. Ran nan bayan fitarta Zamfir ya kamo hannun 'yarsa. "Abin da ya faru da uwarki, ita ma bai bar ta ta yi barci ba. Ki sa wa abin nan iyaka, Veturia. Kada a haƙa kabari biyu."

Ta gyara masa matashi.

Dorel yakan kira jefi-jefi. Ya ce ya gwada wasu shimfiɗun a bene na sama, duk suna aika saƙo yadda ya kamata, ta kwantar da hankalinta. "Amma naki na nan yana juyawa. Tsoho kuma yana ta numfashinsa ba famfo. Mai shara ta ce ko a kulle ɗakin ko ta bar aiki, mun kulle. Ni ma, gaskiya, in zan wuce ta wurin sai na ɗaga ƙafa."

Barci ɓarawo ne, kuma bai zo mata da dare ba, lokacin da take tsammaninsa. Da tsakar rana ya zo, wata Talata mai sanyi, murhu na ci, agogon bango na ƙwanƙwasawa. Tana kallon bargon yana ɗagawa yana sauka, sai ga ta a bayan gida, saniyar da aka sayar tun tuni tana tsaye ta juya kai. Wayar da ke aljihunta ta yi ta kuka har ta gaji, ba ta ji ba.

Gwiwar hannu ce ta zungure ta a haƙarƙari. Ta buɗe ido ta ga Anghelina durƙushe a bakin gado, ba ɗankwali, ƙafa ɗaya ba takalmi, sandarta yashe a ƙofa. Ta ɗauke kyandir daga cinyar Veturia ta kunna, tana ƙoƙarin naɗe yatsun ƙanenta a kai.

"Tashi! Abin nan naki ya kira ni. Riƙe masa, ni yatsuna ba ƙarfi."

Veturia ta rufe hannun ubanta da nata, Anghelina ta ɗora nata a sama. Shirun da ke tsakanin numfashinsa ya yi ta tsawo, irin wanda ta sani sarai. Ya buɗe ido sau ɗaya ya kalli wutar. Daga nan suka yi ta jiran na gaba, bai zo ba. Suka ci gaba da riƙewa har kaki ya gangaro ya daskare a kan hannuwan uku.

Suna rufe madubi da zane, kamar yadda ake yi a gidan rasuwa, wayar ta sake ƙara. Dorel ne, muryarsa ba wasa a ciki.

"Yaya, gwajinki ya gama. Kore."

"Wa ya shiga ɗakin?"

"Ba kowa, makullin na aljihuna. Ta taga na hango. Layin ya kwanta, saƙo ya zo, sabo, na yau." Sannan ya ƙara da sauri, "An ce yau da rana suka tsayar da tarago za su gyara titi. Shi ne dalili. Ai shi ne, ko?"

"Yaushe ya kwanta?"

Ya duba ya faɗa mata. Ta ɗaga kai ta kalli agogon bango, wanda Anghelina ta tsayar da hannunta lokacin da suka saki na Zamfir. Lokacin da ke kai shi ne wanda Dorel ya faɗa, amma ba ta gaya masa ba. Ta ce, "To, kashe shi yanzu. Baba ya rasu."

An yi gyaran titi a unguwar a wannan kakar, wannan kowa ya tabbatar. Ko a ranar aka fara, Dorel ya ce bai bincika ba, kuma ba zai bincika ba.

Bayan sadakar arba'in Veturia ta koma aikinta. Abu na farko da ta yi shi ne ta buɗe gwajin ta sa masa iyaka, ta kuma rubuta abin da zai faɗa in lokacin ya cika saƙo bai zo ba, don wanda ya tarar da jan ya san me aka yi ta jira. Har yanzu ba ta barin barcin kowa a gwaji, har yanzu suna faɗa da Dorel a kan ɓarɓashin burodi. Tsoho an mai da shi bene na sama. Sun ce in ta shiga ɗakinsa da safe takan gyara masa bargo kafin ta kunna famfo. Duk bikin Ista kuma tana zuwa gida, kuma gidan Kaka take sauka, har Allah ya yi wa Kaka rasuwa bara, Veturia na riƙe da hannunta.

Ba ta yi aure ba, ita kaɗai take zaune a hawa na huɗu na wani gidan bene. Da na je birni neman aiki a wani kantin magani, na kwana biyu a wurinta. Ran da zan tafi ina taya ta gyara gado sai hannuna ya taɓa wani abu siriri a ƙarƙashin zani. Shimfiɗar ubanta ce. Ta ga na gani.

"Lamba biyu take so," in ji ta. "Ta maƙwabciyata na ciki. Ta biyun ta Goggo ce, har yau ban cire ba." Ta miƙo min wayarta da makullin gidan guda ɗaya. "Sa taki, 'yata. In ta kira ki, kada ki buga min ki ji ko gaskiya ne, kada ki ce bari ki sallami mai sayen maganin da ke gabanki. Ko ƙarya ta yi sau goma, ki zo sau goma. Kin yarda?"

Na ce, "Na yarda, Inna." Ta tsaya a kaina har na gama shigar da lambar, ta sa na karanta mata ita da ƙarfi.